Tambayi Likita: Wankan Daji da Lafiyar Yara

Likita, ina jin ana maganar wankan daji. Wanka ne da ruwa a cikin daji ko yaya? (Wata uwa mai 'ya'ya uku)

Malama, babu ruwa babu sabulu. Hukumar gandun daji ta Japan ce ta raɗa masa suna shinrin-yoku a 1982. Mutum ya shiga tsakanin bishiyoyi, ya taka a hankali, ya saurari kukan tsuntsaye, ya shaƙi ƙamshin ganye, shi ke nan. Binciken da aka yi a can ya nuna sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki idan hankali ya tashi, yana raguwa, bugun zuciya kuma ya lafa. Dakta Qing Li na Tokyo ya auna jinin maza 12 da suka yi kwana biyu a daji, ya tarar ƙwayoyin garkuwar jikinsu sun ƙara kuzari. Mutum 12 kaɗan ne, shi ya sa ba na son a riƙa tallata abin a matsayin maganin cuta. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa don ya fara yawo a daji.

Ɗana mai shekara 8 ba ya rabuwa da waya, yanzu sai ya matse ido kafin ya ga allo a aji. Fita waje za ta taimaka? (Wani magidanci)

Malam, ka fara kai shi a auna idonsa, kada ka jinkirta. Idan tabarau yake buƙata, fita waje ba za ta maye gurbinsa ba. Amma a kan amfanin fita waje ga idon yara ne hujja ta fi ƙarfi, kuma ita na fi son iyaye su riƙe. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 a waje kullum. Bayan shekara 3, kusan kashi 30 cikin ɗari ne suka daina ganin nesa sosai, alhali a makarantun da ba a ƙara ba kusan kashi 40 ne. An wallafa wannan a 2015. Taiwan ma tun 2010 take ƙarfafa makarantu su fitar da yara minti 120 a rana. Masana na ganin hasken rana ne ke sa ido ya saki sinadarin dofamin, wanda ke hana ƙwayar ido tsawo fiye da kima, tsawon da ke hana ganin nesa sosai. Ko a inuwar bishiya, hasken ya ninka na ɗaki sau da yawa.

In kun fita, minti goma na farko zai yi ta ƙorafi. Ka ƙyale shi. Can za ka ga ya tsuguna yana bin jerin tururuwa da ido, ko yana murza busasshen ganye a tafin hannu yana sansanawa. Kada ka mai da fitar darasi. Kai ma wayarka ta zauna a aljihu, don kai yake kallo.

Babu daji kusa da mu. (Wata matashiya)

Ƙanwata, lambun shaƙatawa ko fili mai bishiyoyi ya wadatar. Masu bincike na Jami'ar Exeter a Ingila sun duba mutum kusan 20,000 a 2019, suka ga masu yin minti 120 a mako a irin waɗannan wurare sun fi cewa suna jin ƙoshin lafiya, ko da a rarrabe suka yi su.

'Yata tana da asma, ga jariri ɗan wata 4. Mu tafi da su? (Wata uwa)

Ku je, Malama, amma da shiri. Maganin shaƙarta ya kasance a hannunki, ba a mota ba. Idan ƙurar furanni na tayar mata da tari, ku guji ranar da iska ke kaɗawa sosai. Jaririn da bai kai wata 6 ba a inuwa zai zauna. Ku sa rufaffen takalmi da dogon wando, kuma kada yara su cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda maciji da kunama. In kun dawo, ki duba bayan kunnenta, hamata da cikin gashi ko kaska ta maƙale.