Miƙa fansho ga kamfanoni masu zaman kansu: wa zai biya, wa zai ɗauki kasada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin 'yan siyasa a ƙasashe daban-daban suna gardama kan cire fansho daga hannun gwamnati, a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a kamfani mai zaman kansa. Wasu sun ce ma'aikaci zai fi samun riba, wasu sun ce caca ce da tsufan mutane. Don Allah a kan me ake wannan jayayya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A tsohon tsari, abin da ake cirewa daga albashinka wannan watan shi ake biyan waɗanda suka yi ritaya da shi, kai kuma na bayanka su biya ka. A Amurka ana karɓar kashi 12.4 cikin ɗari na albashi, rabi daga ma'aikaci, rabi daga mai ɗaukarsa aiki. A 1960 ma'aikata biyar ke ɗauke da mai karɓa guda, yanzu ba su kai uku ba, saboda haihuwa ta ragu, tsawon rai ya ƙaru. Daga nan masu neman sauyi ke samun hujja. Suna cewa kuɗin da ke asusunka naka ne, ana juya shi a kasuwar hannun jari, iyalinka za su gada, kuma ɗan siyasa ba zai wayi gari ya sauya alkawari ba. Wannan magana tana da ƙarfi, musamman inda gwamnati ta saba riƙe haƙƙin 'yan fansho.

Sai dai akwai wani lissafi da ba a cika kawowa a taron kamfe ba, kuma a ganina shi ne jigon maganar. Ranar da ma'aikata suka fara zuba kuɗinsu a asusun kansu, tsofaffin da suka riga suka yi ritaya suna nan, kuma dole a biya su ƙarshen wata. Kuɗin da ake biyansu da shi ne aka karkatar. Sai gwamnati ta ci bashi, ko ta ƙara haraji, ko ta rage fansho, na tsawon shekara talatin ko arba'in. Ma'aikatan wannan zamani sun biya sau biyu ke nan: sun tara wa kansu, sun kuma biya wa iyayensu ta hanyar haraji. Wannan giɓi na cikin abin da ya kashe shirin Shugaban Amurka George W. Bush a 2005, wanda ya so a bar ma'aikata su karkatar da har kashi 4 cikin ɗari na albashi zuwa asusun kansu. Majalisa ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kai ba.

Ƙasar Chile ce ta fara wannan sauyi a 1981, lokacin mulkin soja na Pinochet: kashi 10 cikin ɗari na albashi zuwa kamfanonin da ake kira AFP. Sojoji kuwa sun ci gaba da zama a nasu tsohon tsarin, kuma masu suka ba su taɓa mantawa da wannan ba. Hungari ta bi sahu a 1998, Polan a 1999, Ajantina ma tun 1994. Da bashi ya yi nauyi, sai aka juya baya. Ajantina ta mayar da asusun hannun gwamnati a 2008, Hungari a 2010, Polan ta kwashe kusan rabin dukiyar asusun a 2014.

Shi ma ma'aikacin yana da nasa ramukan. Ladan gudanarwa da kamfani ke cira daga asusunka, na kashi 1 cikin ɗari a shekara, kamar ba komai ba ne, amma cikin shekara arba'in yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka tara. Wanda ya zo ritaya daidai faɗuwar kasuwa irin ta 2008 ba shi da lokacin jiran farfaɗowa. Wanda kuma ya yi shekaru ba aikin albashi, kamar uwa mai reno, asusunsa ba zai cika ba. Wannan ne ya sa Chile ta ƙara fanshon tallafi daga aljihun gwamnati a 2008, duk da haka dubban mutane suka fito zanga-zangar adawa da AFP a 2016.

Suwidin ta bi tsaka-tsaki: kashi 16 cikin ɗari na zuwa tsarin gwamnati, kashi 2.5 zuwa asusun mutum, tare da asusun gwamnati mai arha ga wanda bai zaɓi kamfani ba. Irin wannan na fi amincewa da shi, don ko kasuwa ta faɗi, babban kason yana nan.

In ka ji ɗan takara na tallata sauyi, tambaye shi da wane kuɗi za a biya 'yan fanshon yau, nawa ne iyakar ladan da doka ta yarje wa kamfani, kuma me zai samu wanda kuɗinsa ya ƙare yana da shekara tamanin da biyar.