Ƙanwata, ki ce wa Baba ya dakata da sayar da filin

Na ga saƙonki tun daren Talata, sai yau na samu zama. Kin ce kin kusa kammala bautar ƙasa, kuma wani mutum a WhatsApp ya yi miki alkawarin gurbin sanin makamar aiki a wata ƙungiyar agajin lafiya nan Jeneba ta ƙasar Suwizalan, muddin aka tura masa kuɗin fom da na biza. Har Baba ya fara maganar sa filinsa a kasuwa. Kina tambaya ko ki taho.

Bari in fara da mutumin. Kada ki tura masa ko sisin kwabo. Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar mutum, kuma ba su da dillali. A shafinsu suke tallata gurbi, ke da kanki za ki cike, su da kansu za su neme ki. Duk wanda ya shiga tsakani yana neman kuɗi, ɓarawo ne ko da ya yi rantsuwa da Alƙur'ani.

To, a ce ma gurbin na gaskiya ne. Na san hoton da ke ranki, domin shi ne ya kawo ni: farar riga, tanti, yara a layi kina duba su. Jeneba ba haka take ba. Nan hedikwata ce. Ƙungiyar Red Cross ta duniya a nan aka kafa ta a 1863, Hukumar Lafiya ma a nan take, amma majinyatan da ake magana a kansu suna Sudan da Kwango da Borno. Wata shida na yi a wata ƙaramar ƙungiya, ban taɓa hannun majinyaci ko ɗaya ba. Aikina shi ne rubuta abin da aka tattauna a taro, jera alƙaluma a kwamfuta, da gyara rahoto har idona ya yi ja. Ko da kina so ma, takardar jinyarki ba za ta ba ki damar taɓa mara lafiya ba sai Red Cross ta Suwizalan ta tantance ta, kuma sai kina jin Faransanci.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke kayar da mutane. A 2015 wani matashi ɗan Niyu Zilan da ke sanin makamar aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa tanti a bakin tafkin garin nan yana kwana ciki, ya ce ba a biyansa kuma haya ta fi ƙarfinsa. Labarin ya zaga duniya. Daga baya Hukumar Lafiya ta fara ba masu sanin makamar aiki alawus a 2020, musamman domin 'yan ƙasashe irin namu su samu shiga, kuma wannan gyara ne mai kyau. Amma tun da Amurka ta sanar da ficewarta daga hukumar a Janairun 2025, aka kuma rushe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashe agaji, ƙungiyoyi da yawa rage ma'aikata suke yi. Ni ɗaki na kama a Annemasse, tsallaken iyaka cikin Faransa, saboda na Jeneba ya gagare ni. Kullum in fito cikin duhu da sanyi, in koma cikin duhu, da shinkafa da wake a roba domin abincin kanti ba na mai alawus ba ne. Randa na fara azumi a nan, ni kaɗai na sha ruwa da dabino uku a tashar jirgi, na yi kuka kamar yarinya. Kuma ki sani, takardar zaman da ake bayarwa ta iya tsawon aikin ce. Aiki na ƙarewa, ita ma ta ƙare.

Abin da ya tsayar da ni a wannan fage ba digirina ba ne. Wata rana ana taro kan saƙon da za a kai wa iyaye mata game da ma'aunin damtse, ɗan zaren nan mai launin kore da rawaya da ja, wanda in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 yaro yana cikin haɗari. An kawo fassarar Hausa da aka yi a ofis, cike da "matsanancin ƙarancin abinci mai gina jiki". Na ɗaga hannu na ce babu uwar da ke faɗin haka a ƙauye, tamowa ake cewa. Na kuma ce in ba a shawo kan maigida da uwar miji ba, matar ba za ta fita da yaron ba ko da ma'aunin ya nuna ja. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya ɗauki biro. Shekara biyu da na yi a asibitin karkara kafin in taho, ranar suka biya ni.

Wannan ne nake so ki gane, domin abin da kike nema a nesa yana bayan gidanku. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, ba ta tura ɗalibai fagen aiki, sai wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aikin. Ina ake samun shekarun? A Jahun, inda suke karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari. A Katsina da Maiduguri wajen yara masu tamowa. A Sakkwato, a asibitin cutar noma mai cinye baki da fuskar yara, cutar da Najeriya ta jagoranci neman a sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, aka kuma sa ta a Disambar 2023. A Zamfara suka yi aikin gubar dalma tun daga 2010. ALIMA kuwa, wata ƙungiyar agajin lafiya, a Nijar aka fara ta a 2009, kuma a Mirriya kusa da Damagaram aka gwada koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu. Turawa suna sayen tikiti su je waɗannan wurare su koyi aiki ta bakin tafinta. Ke da harshen kika tashi. Na san mutane da suka fara a matsayin ma'aikatan gida, daga baya ƙungiyar ta tura su Sudan ta Kudu ko Chadi, da albashi da tikiti.

Ban ce kada ki taho ba har abada, kuma ba baƙin ciki nake miki ba, Allah shi ne shaida. In kin shiga digiri na biyu, gurbi ya fito a shafin Hukumar Lafiya, ki nema, ni zan tarbe ki a filin jirgi, ki kwana a ɗakina. Kafin nan ki je Alliance Française a Kano ki yi rajistar Faransanci, domin da shi Nijar da Chadi da Kamaru da Mali duk za su buɗe miki. Ki turo mini takardar bayanin karatunki da aikinki in gyara miki a ƙarshen mako. Baba kuwa ki bar mini shi, zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ki gaida Umma, ki ce mata yajin da ta aiko ya iso.