Amsa: Baba ya hana ni koyon jita

Kana tambayar yadda za ka shawo kan su Baba su bar ka ka koyi jita. Gaskiya kar ka tunkare shi da kanka, ka bi ta wajen kawunka da yake jin maganarsa.

Abin da iyayenmu ke tsoro shi ne a ce ɗansu ya zama maroƙi ya watsar da karatu. Ƙanina ma haka aka yi da shi a nan Pantami, sai da kawu ya tsaya masa aka gindaya sharaɗi, ba ya taɓa ta sai Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, kuma a tsakar gida inda ake ganinsa, in ya faɗi jarabawa a karɓe ta. Wallahi har yau Baba bai sake tada maganar ba.