Takwara, da Sauran Tambayoyinku na Wannan Mako

Wani mai sayar da shanu a Agege ya ce gardama ta kaure a majalisarsu: titin Musa 'Yar'aduwa da ke Victoria Island a Legas na Janar Shehu ne ko na Shugaba Umaru? Kuma su biyun takwarorin juna ne?

Alhaji, ku duka kun faɗi. Musa ai uban ne, Mutawallin Katsina, wanda ya riƙe ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Shehu shi ne sojan da ya zama na biyu ga Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Ƙanensa Umaru ya yi gwamnan Katsina shekara takwas, ya hau shugabancin ƙasa a 2007, ya rasu kan mulki a 2010. Wa da ƙane ne, uba suka haɗa. Takwara kuwa sai wanda kuka haɗa sunan yanka. In takwaran Janar kuke nema, ga Shehu Shagari nan.

Tun da an taɓo Shagari, bari in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shagari gari ne a ƙasar Sakkwato, Tafawa Ɓalewa gari ne a Bauci, Rimi na tsohon gwamnan Kano Abubakar Rimi ƙauye ne a ƙasar Sumaila. Amma sai ka ji yaro ya sauka mota a dandalin Tafawa Ɓalewa yana cewa "marigayi Malam Ɓalewa", kamar sunan da aka raɗa masa ke nan ranar suna. Abubakar ne sunansa! Shi da Abubakar Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa, da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 kan gado daga 1938 zuwa 1988, su ne takwarorin juna. Ɗaya malamin makaranta da ya zama firayim minista, ɗaya malamin tafsiri, ɗaya basarake. 'Yar'aduwa ma unguwa ce a Katsina. 'Yan rediyo da ke cewa "shugaba ya gana da takwaransa na Nijar" kuwa, na daina faɗa da su, kalmar ta riga ta zauna.

Wata malama daga Idi-Araba ta tambaya ko Garba da Habu suna ɗaya ne. Ɗaya ne, Malama, har da Buba da Bukar. Duk Abubakar ne.

Wani ɗan acaba a Obalende yana son ma'anar "suna linzami". Yaro, ka taɓa ganin doki? In an ja linzami sai ya juyo. Tsaya tsakiyar kasuwar Alaba Rago ka ƙwala kiran Garba, ka ƙirga kawunan da za su waiwayo. Masu fassara shi da cewa suna yana jan mutum ya gaji halin mai sunan, ban hana su ba, amma ni ba haka na ji shi a bakin dattawa ba.