Me ya sa kalangu ke ba mu dariya tun ɗan wasa bai buɗe baki ba?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Ƙaura Namoda. Akwai wani tsohon fim na barkwanci da muke kallo tun zamanin kaset, yanzu ma yana cikin wayata. Labarin wani matsoraci ne mai cika baki, ya yi wa budurwarsa ƙaryar cewa shi ɗan dambe ne, ƙaryar ta ja shi har fili. Na kalle shi ya fi a ƙirga, amma duk sa'ad da makaɗin nan ya rataya kalangu, sai shagonmu ya kaure da dariya tun gogan bai ce uffan ba. Ƙanena da ke karatu a Gusau ya ce camama ce kawai, hoto dishi-dishi, kiɗin ma na ƙauye. Shin akwai fasaha a ciki, ko sabo ne ke ɗibata?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka gaishe mini da ƙanen naka, ka ce masa maganarsa a kan hoto gaskiya ce. Camama an san ta da haka: kuɗi kaɗan, kyamara ɗaya, kwana biyu ko uku an naɗe an kai kasuwa. Sai dai a batun kiɗi ya yi tuya ya manta da albasa, domin abin da ya kira na ƙauye shi ne ke ɗauke da rabin wasan.

Kalangu ganga ce mai magana. Icce ne aka fafe, tsakiyarsa a tsuke, bakinsa biyu an rufe da fata, tsarkiyoyi sun haɗa wannan fatar da waccan. Makaɗi ya saka shi a hammata, in ya matse murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Ita kuma Hausa harshe ce mai karin sauti, kowace gaɓa da matsayinta, sama ko ƙasa ko faɗau, ga kuma dogon wasali da gajere. Don haka gwanin kalangu yana iya bin hawa da saukar jimla har wanda ya tashi cikin abin ya ji me ake faɗi. Wannan shi ne take. Ɗan dambe yana da takensa, sarkin fawa yana da nasa, manomi ma haka, kuma in aka kaɗa wa mutum takensa ko yana cin tuwo sai ya tsame hannu.

To ka duba abin da aka yi a fim ɗin naka. An ɗauki kiɗan maza, kiɗan da ke sa tsuma, an ɗora wa mutumin da ƙafafunsa ke kaɗawa. Kalangu yana rantsuwa cewa ga namiji, ido kuma yana ganin mai neman hanyar gudu, ana naɗa masa kara a hannu yana waige-waige. Tsakanin abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani dariyar take fitowa. Shi ya sa ba kwa jiran ya yi magana. Makaɗin ya riga ya yi masa ƙaryar, jikinsa ya tona ta. Kuma ka lura, wanda bai san me wannan kiɗa yake nufi a filin dambe ba, ba zai ji ko rabin abin ba. Zai ga mutum yana rawar jiki, shi ke nan.

Nan ne nake ganin ku mutanen Zamfara kun fi wasu morewa. Ƙasarku ce matattarar wannan fanni. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan ƙasar Bakura da Maradun ne, da kotso ya yi wa sarakuna waƙa. Sa'idu Faru ma ɗan nan ne, shi ma makaɗin fada. Salihu Jankiɗi daga Rawayya ya fito kafin ya zama makaɗin Sarkin Musulmi a Sakkwato, da taushinsa. Kassu Zurmi kuwa, maƙwabcinku, shi ne na 'yan tauri da mafarauta. In ka leƙa Sakkwato ga Ɗan Anace, wanda ya sa sunan ɗan dambe Shago ya zaga ƙasar Hausa. Yaron da ya girma yana jin waɗannan a rediyo, ko a kaset ɗin babansa, ko a bakin mai shayi, kunnensa ya san bambancin kiɗan fada da kiɗan maza ko ba a taɓa zaunar da shi an koya masa ba. Kotso nauyi gare shi da ƙasaita, tafiyarsa ta mai rawani ce. Kalangun dambe kuwa zafi ne da gaggawa. Mai shirya fim da ya san aikinsa yana wasa da wannan sanin naku. Sai ya buga wa mai tallan rake kiɗan da ya dace da hawan sarki, ya bar ku ku ƙarasa sauran da kanku.

Ba kuma 'yan fim suka ƙago dabarar ba. Tun kafin a san kyamara akwai 'yan kama, masu bin kasuwa da gidajen biki. Aikinsu shi ne su ɗauki waƙar da kowa ya sani, ta sarki ko ta wani gwarzo, su bar karinta yadda yake, su zuba mata zancen tuwo da miya da fura. Inda asalin waƙar ke kirarin mai cin gari da yaƙi, ɗan kama sai ya yi kirarin mai cinye akushi. Akwai 'yan gambara da nasu salon na zambo da sakin baki. Ga wasan barkwanci tsakanin jama'a, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zazzagawa, da kuma na taubasai a cikin gida. Da fim ɗin bidiyo ya kankama a Kano daga 1990, wannan gadon ne masu ban dariya suka kwasa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a watan Disamba na 2014, ya shahara da juya waƙoƙin wasu zuwa abin dariya, kuma in ka cire masa kyamarar, aikin ɗan kama ne tsaf yake yi.

Wani abin da ya kamata ka tantance shi ne ko kalangun da kake ji na gaske ne. Yawancin finafinan Hausa da fiyano ake yi musu kiɗa, wato na'urar nan mai maɓallai irin ta Yamaha, wadda ke kwaikwayon ganga da sarewa da algaita. Ba wuya a gane. Gangar fiyano ba ta lanƙwasa murya, bugu ɗaya sauti ɗaya, kuma tafiyarta daidai take tun daga farko har ƙarshe kamar keken ɗinkinka in ka taka shi a kan dogon layi. Kalangun hannu yana zamewa daga sama zuwa ƙasa a cikin bugu guda, yana jinkirtawa, yana ƙara wuta. Abin da ya fi muhimmanci, makaɗi yana kallon ɗan wasa. In gogan ya ɗaga ƙafa, kiɗa ya bi ƙafar. In ya ja da baya, makaɗi ya tsananta kamar yana tura shi. In ya arce, sai a yi shiru na ɗan lokaci, sannan kurkutu, wato ƙaramar ganga, ya yi 'yar ƙara shi kaɗai kamar mai tsegumi. Wannan shirun ma kiɗa ne, kuma na sha ganin ya fi bugun ban dariya. Tunda ka ce makaɗin yana cikin hoton, kalangu a kafaɗa, alama ce ta cewa a wurin aka ɗauki sautin, kuma shi ma ɗan wasa ne ko da bai furta kalma ɗaya ba.

Ba zan ce maka duk camama haka take ba. Da yawa ihu ne da guje-guje da duka, wasu kuma dariyarsu a kan nakasar mutum aka gina ta, ni wannan ba ya burge ni ko kaɗan. Akwai kuma waɗanda suka ɗauko karin Indiya suka liƙa inda bai da gurbi. Irin waɗannan kallo ɗaya ake yi musu a manta. Wanda ya daɗe a hannun mutane, daga kaset ya koma faifai, daga faifai ya koma waya, ana turawa ana sake turawa, to akwai abin da ya riƙe shi, kuma sau da yawa kunne ne ya riƙe shi. Magana ta ban dariya in ka ji ta sau uku ta saki, amma kiɗa maimaici ne abincinsa. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda shi ma da kalangu ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999, wa ya taɓa cewa ya gaji da su don ya san abin da zai biyo baya?

Game da sabo kuwa, e, akwai shi, kuma ba abin kunya ba ne. Kana jin kiɗan kana tuna filin dambe bayan kaka, da ƙura, da fitilar a-ci-bal-bal, da wanda ya fara kai ka. Sai dai sabo kaɗai ba ya sa yaran shagonka da ba su ga wancan zamani ba su riƙe ciki.

In ƙanenka ya zo hutu, yi masa gwaji biyu. Ka kunna wurin damben nan ka kashe sautin gaba ɗaya, ka ga ko zai yi murmushi. Sannan ka mayar baya, ka buɗe sautin, ka kife wayar a kan teburin yanka, ku saurara ba tare da kallo ba. Ka tambaye shi a ina gogan ya fara tsorata, a ina ya juya, a ina ya zura da gudu. In akwai dattijo kusa, musamman bafawa, domin kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, ku kira shi ya fassara muku abin da gangar ke faɗi. Ku tanadi goro.