Daga fim zuwa dijital: me ya canza a hannun mai hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi sana'ar hoto fiye da shekara ashirin a zamanin fim, yanzu kuma na gaje shi, sai dai ni da kyamarar dijital na fara, ban taɓa saka fim a kyamara ba. Kullum yana ce mini mu 'yan yanzu harbin kan mai uwa da wabi muke yi, domin a biki ɗaya nakan dawo da hoto sama da dubu, shi kuwa da fim uku yake gama biki. Ina neman a yi mini bayanin abin da wannan canji ya yi wa ɗabi'a da ƙwarewar mai hoto, kuma shin da gaske mun yi asarar wani abu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganarsa tana da tushe, ko da yake ban yarda da ita gaba ɗayanta ba, kuma zan faɗi dalilina a matsayin wanda ya fara da fim kafin ya koma dijital. Fim yana tilasta wa mai hoto ya gama shawararsa kafin ya danna, dijital kuwa ya ba shi damar ɗage shawarar zuwa bayan dannawa, kuma kusan duk bambancin da ke tsakaninka da Baba daga nan ya samo asali.

Mu fara da lissafi. Fim ɗin da aka fi amfani da shi, mai faɗin milimita 35, hoto 24 ko 36 kawai yake ɗauka, saboda haka fim ukun da Baba yake shiga biki da su ba su wuce hoto 108 ba. Kowace dannawa tana cin kuɗi sau uku, kuɗin fim da na wanki da na bugawa a kati, sannan ba zai ga abin da ya ɗauka ba sai bayan an watse, amarya ta tare, babu halin a sake tara mutane. Wanda ya yi aiki cikin wannan matsi dole idonsa ya koyi zagaya kusurwoyin hoto huɗu kafin yatsansa ya motsa. Zai hango bokitin da ke bayan uwar amarya ya sa a ɗauke, zai gyara wa ango karin hula, zai jira yaron da ke gefe ya natsu, zai kuma yi ta jan mutane da magana har fuskokinsu su saki. Seydou Keïta, mai hoto ɗan ƙasar Mali wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, an san shi da ɗaukar mafi yawan masu zuwa wurinsa sau ɗaya tak a kan babban fim mai santimita 13 da 18, kuma duk wanda ya duba hotunansa zai ga cewa an gama aikin tun kafin a danna, daga zaman mutum da inda ya aje hannu har zanen da aka rataya a bayansa. Wannan haƙurin shirya hoto shi ne dijital ya fara raunanawa, domin katin memori ɗaya yana ɗaukar dubbai, sai mutum ya riƙa gaya wa kansa cewa cikin ashirin ɗin da ya danna ba za a rasa mai kyau ba. Sau da yawa kuwa ana rasawa, saboda bokitin nan yana cikin duka ashirin ɗin.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne karatun haske. Kowane fim yana zuwa da lambar ISO ɗinsa, wato gwargwadon yadda yake jin haske, 100 ko 200 ko 400, kuma da zarar an saka shi a kyamara an ɗaure kai da wannan lamba har sai ya ƙare. Mai hoton da ya tashi daga wurin ɗaurin aure da rana tsaka ya shiga zaure mai duhu ba shi da abin juyawa sai ƙofar hasken lens da saurin shata (marfin da ke buɗewa ya rufe idan an danna), ko kuwa ya kunna filasha. Shi ya sa tsofaffin masu hoto suka haddace ƙa'idar rana: idan rana ta take, a tsuke ƙofar haske zuwa lamba f/16, saurin shata kuma ya yi kusa da lambar fim, wato 1/125 na daƙiƙa ga fim mai ISO 100, idan hazo ko gajimare ya rufe a buɗe zuwa f/11 ko f/8, a inuwa kuma a ƙara buɗewa. Da yawansu da sun ɗaga kai sun dubi sama sun san abin da za su saita. Kyamarar yau tana canza ISO a kowane hoto, har ma ta yi hakan da kanta, kuma wannan sauƙi ne babba, amma shi ne ya sa ake samun mai hoton da ya shekara biyar yana aiki bai iya faɗin dalilin da ya sa wani hotonsa ya yi duhu ba.

Ga mu da muke ɗaukar baƙar fata cikin fararen kaya, wannan magana ta fi nauyi. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, ta fim ko ta dijital, yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa idan aka gauraya shi zai ba da ruwan toka matsakaici. Ka tsayar da dattijo baƙi sanye da farar babbar riga ta shadda da farin rawani a cikin rana, sai ma'aunin ya ga fari ya yi yawa ya rage haske, rigar ta dusashe, fuskar kuma ta nitse cikin duhu. Mai fim ya san maganin abin, yakan ƙara haske da mataki ɗaya ko fiye ba tare da fargaba ba, domin negatif mai launi, wato fim ɗin da ake buga hoto daga gare shi, yana jure yawan haske ƙwarai, ƙarancinsa ne yake ɓata shi. A dijital lamarin ya juye. Idan fari ya ƙone a kan sensa, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim, ya ƙone ke nan, aikin ɗinkin da ke wuyan riga ya tafi kuma babu manhajar da za ta dawo da shi, alhali inuwa ana iya ɗago ta daga baya a kwamfuta. Ni kaina na ɓata hotunan wani taron naɗin sarauta a farkon komawata dijital, saboda na auna haske da hannun fim, rawunan duka suka fito fari fat babu ko alamar naɗi. Gwanin fim da ya koma dijital sai ya sake koyon wannan sashe daga tushe, ya saba da kare fari tukuna, sannan ya nemo wa fuska haske ta hanyar matsar da mutum inuwa ko ƙara masa ɗan filasha.

Sai allon bayan kyamara, wanda ya haifar da ɗabi'ar danna ka duba. Ranar hawan sallah, lokacin da mahaya suka sako dawakai domin jahi, abin da ake nema daƙiƙa biyu ne ko uku, kuma na sha ganin matasa kansu a sunkuye suna duba hoton da ya wuce alhali wanda ya fi shi yana wucewa a gabansu. Allon ma ba amintacce ba ne a cikin rana, yakan nuna hoto da duhu ko da haske fiye da yadda yake. Abin dogaro shi ne zanen nan mai kama da tsaunuka da kyamara take nunawa, wanda ake kira histogram, domin idan tudun ya jingina da bangon dama to fari ya ƙone.

Duk da haka, a nan ne na saɓa da Baba. Wannan allo shi ne malamin da mu ba mu samu ba. A zamanin fim, mai son ya gane kuskurensa sai ya riƙe ɗan littafi yana rubuta saitin kowane hoto, ya jira kwanaki a wanko, sannan ya zauna ya gwama, kuma kaɗan ne suke da kuɗi da juriyar yin hakan. Yau kowane hoto yana ɗauke da bayanin saurin shata da ƙofar haske da ISO ɗin da aka ɗauke shi da su, kuma gwaji kyauta ne. Abin da ya ɗauke mu shekara uku, yaro mai himma zai iya kama shi cikin wata shida, da sharaɗin ya riƙa yin hasashe kafin ya duba. Ya ce a ransa, wannan wuri f/8 ne a 1/250, ya danna, sannan ya ga ko ya dace. Wanda yake dannawa ya duba ya juya ba tare da ya fara hasashe ba, kyamarar ce take koyo a madadinsa.

Akwai kuma aikin da a da ba a wuyan mai hoto yake ba. Yawancin masu sana'a sukan kai fim mai launi wurin wanki ne, inda injin yake riƙe ruwan magani a zafin digiri 37.8, ma'aikacin wurin kuma ya daidaita launi kafin ya buga. Masu wanke baƙi da fari da hannunsu su ne suka san ɗakin duhu, suka san wahalar sauko da ruwa zuwa digiri 20 da ƙanƙara a watan Afrilu. Canjin ya zo da sauri ƙwarai, domin Nikon ta fitar da kyamarar dijital D1 a 1999, Canon ta fitar da 300D a 2003 a kan ƙasa da dala 1,000, zuwa 2012 kuma Kodak, kamfanin da injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Wuraren wanki suka yi ta rufewa, aikinsu ya dawo kan teburin mai hoto. Yanzu dole ka san bambancin JPEG, wanda yake riƙe matakan haske 256 a kowane launi, da fayil ɗin RAW, wanda a kyamarori da yawa yake riƙe har 16,384, kuma dole ka iya daidaita launi da idonka. Wannan ƙwarewa ce ta gaske wadda Baba bai buƙace ta ba. Sai dai a cikinta ne nake ganin ɓarnar da ta fi damuna, wato goge fuska da haska fata har amarya ta fito kamar roba, danginta ma sai sun ƙura ido kafin su gane ta. Gyara mai kyau shi ne wanda zai fito da launin mutum kamar yadda Allah ya yi shi a cikin haske mai kyau.

Hoto dubun da kake dawowa da su kuwa, matsalarsu tana wajen zaɓe. Baba ya yi nasa zaɓen a filin biki, kai kuma kana yin naka da dare a gaban kwamfuta bayan ka gaji, kuma mai hoton da ya miƙa wa masu biki hoto ɗari takwas bai gama aikinsa ba, ya ɗora musu ne.

A taƙaice zan ambaci ƙura, tunda lokacin hunturu ba ya wuce mu. Fim yana kawo sabon shafi a kowane hoto, sensa kuwa guda ɗaya ce, don haka ƙurar da ta sauka a kanta sa'ad da kake canza lens za ta bayyana a wuri ɗaya cikin kowane hoto har sai an goge ta.

Shawarata gare ka ita ce ka ware rana ɗaya a mako ka kashe nunin hoto a allo, ka mai da kyamara saitin hannu, ka tsayar da ISO a lamba ɗaya, ka iyakance wa kanka dannawa 36, sannan da yamma ka zauna da Baba ku duba su tare, ya nuna maka abin da idonsa ya hango a gefen hoto wanda naka ya tsallake. Ka kuma tambaye shi inda negatif ɗinsa suke. Hotunan Keïta sun kai ga baje koli a birnin Paris a 1994 ne saboda ya adana negatif ɗinsa shekaru da dama bayan ya rufe situdiyo, alhali aikin matasa da yawa a yau yana kan katin memori ɗaya da ake gogewa bayan kowane biki, ko a WhatsApp da ke matse hoto ya rage masa inganci. Ka riƙa ajiye kowane aiki a wuri uku, ɗaya daga ciki ba a shagonka ba, ka buga mafi kyawunsu a kati. Na Baba kuma ka raba su da zafi da laima, ka sa su a cikin takarda mai tsabta, ka nemi inda za a yi musu sikanin tun yana iya gaya maka sunan garin da shekarar da ya ɗauki kowanne.