Zaren saƙa yana zamewa a bakin harafi

'Yar'uwa, kin ce in kina naɗe harafin da aka yanka daga kwali da zaren saƙa, zaren yana zame miki a bakin harafin, kwalin kuma yana leƙowa. Bakunan ake fara rufewa. Ki yanka guntayen zare, ki jera su a bakin da gam, ki bari su bushe, sannan ki naɗe jikin harafin ya danne su.

Kwali ɗaya lanƙwashewa yake yi, ki manna biyu ko uku. Ni nakan shafa masa fenti kalar zaren, ko ya leƙo ba a ganewa.

A kwanar S zaren yakan taru ta ciki ya buɗe ta waje, sai ki sake bi ta kansa. Masu rami irin B da Ɗ kuwa, ƙaramin dunƙule za ki yi ya riƙa wucewa ta ramin. Don Allah kar ki ja da ƙarfi.